Tilawa a Kan Ƙanƙara

A gidanmu ba a auna hanya da agogo, da karatu ake auna ta. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, in ka tambaye shi nisan gonarmu ta fadama daga ƙofar gida, sai ya ce maka izu guda ne, in kuma an yi ruwa ana taka-tsantsan, izu da sumuni biyu. Kasuwar Fakku izu huɗu. Garin Kebbe kuwa ba ya faɗa, don tun da babur ya shigo ya daina zuwa da ƙafa, kuma a wurinsa awon babur ba awo ba ne, rabin karatun iska ke kwashewa. Abin ba wuya: izu kashi takwas ne, kowane kashi sumuni. Kana tafiya kana tilawa da ka, inda ƙafarka ta tsaya ka duba inda bakinka ya kai, ka samu awonka ke nan.

Malam muke ce masa, har mu 'ya'yansa. Shi ke tafsiri a zaurenmu duk azumi bayan la'asar, kamar yadda kakanmu ya yi, ni kuma tun ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai nake ja masa baki. In ja aya ya fassara, in ja ta gaba. Abin da gidanmu ke taƙama da shi, ko da yake ba a faɗa a fili, shi ne mai jan bakinmu ba ya buɗe littafi, da ka yake ja. Mutanen ƙauyukan da ke kewaye da mu sun san haka, har akwai masu zuwa musamman don su ga ko za a ci gyara. Ni kuwa mutum ne mai son a ce ya iya, ban taɓa ɓoye wa kaina wannan hali ba.

Aikina na gwamnati duba dabbobi ne a Tambuwal, shi ya sa kowa ke ce mini Likita, har Malam, wanda dama ba ya kama sunana tunda ni ne ɗan fari. Wata shekara, bayan ƙaramar salla, aka tura ni kwas na wata goma a wani ƙaramin gari can arewacin Turai, kan kiwon shanun madara. Da na lissafa sai na ga zan dawo ana saura 'yan kwanaki a kama azumi. Ranar da na je sallama Malam bai yi mini doguwar nasiha ba. Ya ce, "Ka san inda munka tsaya." Na ce na sani. Mun tsaya ne a tsakiyar littafi, cikin dogayen surori. Ya ce, "To, nan za mu tashi in Allah ya kai mu."

A can an ba ni ɗaki a gidan wani tsoho wanda ya yi rayuwarsa duka yana tatsar shanu. Matarsa ta rasu, ɗansa ya koma birni, gwiwa ta hana shi aiki, sai ya sayar da shanun ya zauna. Turancinsa guntu-guntu ne, nawa ma ba wani na kirki ba, amma zancen shanu ba ya buƙatar dogon Turanci. Na nuna masa hoton shanunmu gudali a waya ya daɗe yana kallon tozon. Da na gaya masa irin tafiyar da suke yi da rani kafin su sha ruwa, sai ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Tun daga ranar na san za mu shirya.

Bayan gidan akwai tafki babba. Da hunturunsu ya kankama sai tsohon ya ce mini tafkin ya daskare, ana iya takawa. Na ce to, a raina kuwa na ce ba da ni ba. Ni da ko gulbinmu ba na son ƙetarewa in ya kawo. Sai wata safiya na leƙa taga na ga tarakta a kan ruwa, tana ture dusar ƙanƙara gefe, tana fitar da hanya mai sheƙi da ta zagaye tafkin. Salati na yi da ƙarfi. Kafin azahar mutane sun cika hanyar, kowa da takalmi mai dogon ƙarfe a ƙasa kamar wuƙa, suna sulalewa ba ƙara ba hayaniya.

Tsohon ya fito mini da takalman ɗansa. Na ce masa ya yi haƙuri, shekarata arba'in da uku, 'ya'yana biyar, ban zo nan don in karya ƙugu ba. Bai matsa ba. Ya ce to in raka shi bakin tafki kawai, akwai benci da yake zama da butar kofinsa yana kallon mutane. Muna zaune sai ga wata tsohuwa, wallahi ta girmi mahaifiyata, ta zo ta wuce mu fuu, hannayenta a baya kamar mai zagayen gona. Ko kallonmu ba ta yi ba. Nan zuciya ta ɗebe ni, na ce a ba ni takalman.

Satin farko kujera na dinga turawa a gabana, irin wadda ake ba ƙananan yara su dafa. Na faɗi ta baya, na faɗi ta gefe, akwai ranar da na faɗi ina tsaye cak ba tare da na motsa ba. Zaman tahiya sai da ya zame mini aiki. Tsohon ba ya dariya, sai dai ya ɗaga murya daga benci ya ce in lanƙwasa gwiwa, in daina kallon ƙafata. A sati na uku na ajiye kujera, na zagaye tafkin tun daga benci har na dawo benci. Na yi murna irin wadda na daɗe ban yi ba, har na ji kunyar yawanta.

To, halin nawa sai ya motsa. Tunda na iya zagayawa, sai in san ko ina ƙara sauri. Na gwada da waya, amma sanyin wurin ba ya barin waya ta rayu, kafin ka je rabi ta mutu, kuma cire safar hannu don latsa ta wata azaba ce. Agogon hannu kuwa na daina ɗaurawa tun da waya ta zo. Ina cikin wannan tunani sai na tuna awon gidanmu. Na ji daɗin kaina ƙwarai a ranar. Ga awo, ga tilawa, don gaskiyar magana tun da na sauka ƙasar ban zauna na yi tilawar kirki ba. Karatun kwas, aikin garke, ga rana gajera, azahar da la'asar da magariba suna bin juna a guje. In ma za a bi gaskiya har ƙarshenta, tun ina Tambuwal abin ya fara: shekaru da dama iyakar inda za a ja a azumin shekarar nake bitawa, sauran na bar su a kan suna nan.

Na fara daga ƙasa, yadda aka koya mana, daga gajerun surorin da muka haddace tun ba mu san wanke hannu ba. Kullum in tashi daga inda na tsaya jiya in yi sama. Da na bar benci sai in soma, da na dawo benci sai in tsaya, in ciro ɗan littafin aljihun da nake rubuta awon madara in rubuta a bayansa. Zagayen farko ya ci izu guda da sumuni uku. Bayan kwana biyu ya dawo izu da sumuni ɗaya. Sai izu cif. Ranar da na sauko sumuni bakwai na sayo wa tsohon burodi mai zaƙi muka ci tare. Na yi masa bayanin awon, ya saurara da kyau, ya ce kakarsa ma da addu'a take auna dahuwar ƙwai.

Cikin zuci nake karatun. Iskar wurin in ka buɗe baki haƙora take kamawa, ga mayafin wuya na naɗe har hanci, ga haki. Kuma karatun zuci ba mai jin sa, har kai mai yin sa ba ka jin sa sosai, balle rabin hankalinka yana kan ƙafa. In na zo wuri ya tsaya mini sai in koma farkon ayar in sake tahowa, kamar yadda ake yi wa saniyar da ta ƙi hawa mota, a ja ta baya a sake kawo ta. In ta wuce shi ke nan, ban ɗauke shi komai ba.

Lambar kuwa sai sauka take. Sumuni shida. Shida da 'yan ayoyi. Biyar. Na fara kallon tsohuwar nan da wani ido, ina cewa saura kaɗan.

Duk Juma'a nakan kira gida a wayar ƙanena, wanda ke riƙe da shanunmu a ƙauye, ya miƙa wa Malam. Wata Juma'a na kasa haƙuri na ba shi labari.

"Malam, yau da sumuni biyar nik kewaye tabkin."

"Bisa ruwan?"

"Bisa ruwan, Malam. Sun daskare kamar dutse."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Kai da ka tsoron gulbi? To da nawa kaf fara?"

"Izu da sumuni ukku."

"Lalle ka yi gudu. Da baki ka ka yi, ko cikin zuci?"

"Cikin zuci, Malam. Sanyi ba shi bari a buɗe baki."

Ya ce, "To." Ya tambayi abincin da nake ci, ya ce ɗaya daga cikin shanun ta haihu, muka yi sallama.

Kamar kwana goma bayan haka na zagaye tafkin da sumuni huɗu, rabin izu cif. Na iso benci ina huci, na zauna da ƙarfi, na gaya wa tsohon cewa daga inda na fara zuwa yau na ninka saurina kusan uku. Ya dube ni, ya dubi tafkin, sannan ya sa hannu a aljihun rigarsa ya ciro wata takarda a ninke. Ashe shi ma yana rubutawa. Shekara arba'in yana rubuta lokacin tatsa, hannunsa ya saba, ba ya iya ganin abu na zagayawa bai duba agogo ba. Ya nuna mini jerin lambobi da yatsa. Da farko minti ashirin da biyu, suna ta sauka har sha huɗu. Daga nan sha huɗu, sha huɗu, sha huɗu da rabi, sha huɗu. Ya ce, "Sati uku ke nan kana nan. Ba laifi ba ne, a shekarar farko sha huɗu ya yi kyau."

Raina ya ɓaci nan take. Na ce masa agogonsa ne sanyi ya taɓa. Ya ce mai yiwuwa, in sake zagayawa mu gani, ga agogon in riƙe da kaina. Na karɓa na sa a aljihu, na tafi da duk ƙarfina, ina jin iska na yanka mini kunci. Na dawo da sumuni huɗu ba 'yan ayoyi. Na ciro agogo: sha huɗu. Tsohon ya ce a hankali, yana zuba kofi, "Ko addu'ar taka ce ta rage gudu?"

Ban karɓi kofin ba. Na cire takalman, na wuce gida. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mutumin da bai san alif ba ya ga abin da ni ban gani ba.

Na shiga ɗaki na yi la'asar. Sannan na kunna wurin ɗaukar murya a waya, na rufe ido, na soma daga inda muka tsaya da Malam, da baki, da murya irin ta zaure. Ban kai rabin shafi ba na tsaya. Na koma na taho, na wuce, na sake tsayawa. Da na lallaɓa na kai ƙarshen sumuni sai na buɗe littafi na kunna muryata ina bi da yatsa. Na fara ƙirga wuraren gyara, da na wuce goma na daina. A wani wuri na tsallake aya biyu ban sani ba. Muryar kuwa tana nan da daɗinta, tana tafiya da ƙarfin hali a kan kuskure.

Sai lissafin ya fito mini sarai. A ƙasa, inda na fara, bakina gudu yake kamar ruwa, minti sha huɗu na cin sumuni bakwai. Da na yi sama na shiga tsakiya, inda na yi shekaru ban taka ba, sai karatun ya koma tsaye-tsaye da komawa baya, minti sha huɗun nan dai ba sa cin fiye da huɗu. Ƙafata tana inda take tun sati uku, haddata ce ke zubewa, ni kuma kullum in ciro littafi in rubuta zubewarta ina murna, har da kiran gida. Tsoro ya kama ni sosai. Saura sati bakwai azumi, kuma daidai wurin da ya ruɓe nan za mu tashi.

Da safe na sami tsohon a kicin na ba shi haƙuri. Ya ɗaga hannu ya ce shi ma haka yake yi in likita ya gaya masa gaskiya kan gwiwarsa. Na roƙe shi ya ci gaba da riƙe agogo, amma yanzu aikin ya juya. Ba na neman ƙarin gudu. Zan tsaya a sha huɗun nan, zagayen tafki ya zama shi ne agogona, in auna karatu da shi. Da ina so lamba ta sauka, yanzu ina so ta hau.

Haka muka yi. Bayan asuba in zauna da littafi in bi izun ranar da ido sau biyu ko uku. Da rana in an tashi hutun cin abinci in sa takalmi in hau tafki, in yi shi da ka, kuma da baki, komai sanyi. Tururin bakina yakan daskare a jikin mayafin har ya yi tauri. Mutane suka saba da ni, baƙin mutumin nan mai magana shi kaɗai. Wani kare ya bi ni rabin tafki yana haushi. Tsohuwar nan ma ta fara ɗaga mini kai in za ta wuce ni, kuma kullum sai ta wuce ni. Wani abin mamaki, da na daina neman gudu sai tafiyar ta yi mini daɗi. Ƙafar dama ta tura, ta hagu ta tura, aya na bin aya, ga fili fari fat har iyakar gani, ba abin da kake ji sai ƙarar ƙarfe a kan ƙanƙara. Wasu ranakun nakan manta ma da tsoron da ya fito da ni.

Lamba ta fara hawa. Huɗu da rabi, biyar, wani izun har shida. Amma agogo agogo ne, ba kunne ba ne. Akwai ranar da na iso benci da sumuni bakwai, na ce alhamdulillahi an dawo. Da na koma ɗaki na duba sai na tarar a tsakiyar hanya wata aya mai kama da 'yar'uwarta ta ɗauke ni ta jefa ni wata sura can daban wadda na fi iyawa, na yi ta gudu a cikinta. Tsohon ba shi da yadda zai san wannan. Sau biyu haka ta faru da ni. Na gane abin da nake buƙata shi ne mai saurare, kuma babu shi a garin nan. Sai na riƙa kwantar wa kaina da hankali da cewa ai Malam na nan. In na sarƙe a zaure zai ɗaga mini kan ayar da kalma ɗaya, ƙasa-ƙasa, yadda yake yi mana muna yara. Gyara biyu ko uku a gaban jama'a da ciwo, amma ba ya kisa.

Ƙanƙarar ba ta jira na gama ba. Rana ta fara tsawo, ruwa ya fara kwanciya a saman hanyar, wata safiya muka tarar an ɗaure igiya a bakin tafki an kafa allo. Abin da na rubuta na ƙarshe shi ne sumuni shida, minti sha huɗu. Izu kamar goma a tsakiya har lokacin ba su zauna ba. Na goge takalman na mayar wa tsohon, ya ce in tafi da su. Na ce masa a Tambuwal ko ƙanƙarar sanyaya ruwa sai an yi layi, ya bar su nan wani ya mora. Ranar tafiya ya raka ni tashar jirgin ƙasa da sandarsa, ya ce in gaishe da shanu.

Na sauka cikin zafin bazara, na kwana biyu a Tambuwal wurin iyali, na hau babur na nufi ƙauye. Washegari bayan asuba, da mutane suka watse, na bi Malam ɗakinsa. Na zauna a ƙasa na gaya masa komai, tun daga kujerar yara har takardar tsohon. Ban rage ba. Na ce, "Malam, na gyara abin da nig gyara, amma akwai saura. In nis sarƙe, ka ɗan ɗaga min kan aya."

Ya murza gefen buzunsa. Sannan ya ce, "Likita, tura ƙofa."

Na tura na dawo.

Ya ce, "Ba ni iya ɗaga maka. Shekara ukku ke nan. Ma'ana tana nan, ba ta tafi ko'ina ba, in nij ji aya na san abin da ta ka faɗi. Amma wace ka bin wace, wanga ya kwance min. Idon kuma ka san ba shi ganin rubutu. Kai ka ja, ni ka bi. In kaɓ ɓace tare mu ka ɓacewa, kuma ba mai gyara mu, don kowa na ganin ina saurare."

Shekara uku ina zaune kusa da gwiwarsa ina ja da ka, ina jin kaina, ina ganin ai akwai katanga a bayana. Tausayinsa ya kama ni, da kunyar kaina, har na kasa ɗaga ido. Na ce, "Wa yas sani?"

"Kai na na farko."

Sannan ya nuna mini gafakar da ke rataye a bango, wadda littafin kakanmu na rubutun hannu ke ciki. Ya ce in sauko da ita. Ya ce ranar farko shi zai yi wa jama'a bayani, ya ce tsufa ya kama shi, shi ya sa za a buɗe littafi. Na ce a'a. Na ce, "Malam, bari su ce ni na. Ai ba ƙarya sunka yi ba." Ya buɗe baki zai yi magana, na ce don Allah. Wannan ne karo na farko da na katse shi a rayuwata, kuma ya ƙyale ni.

Ranar ɗaya ga azumi bayan la'asar zaure ya cika har waje, don an ji Likita ya dawo daga Turai. Na fito daga cikin gida rungume da gafaka. Na ji yadda surutu ya yanke, sannan ya dawo ƙasa-ƙasa. Na zauna a wurina, na kwance igiyar, na fitar da takardun na ɗora a kan cinya. Wani taubashina, ɗan ƙanwar Malam, wanda ba ya raga mini ko a gidan makoki, ya ɗaga murya daga baya ya ce, "Likita, Turai ta sha haddar ta?" Na ce, "Ta sha." Aka yi dariya. Ta yi mini ciwo, ba zan ce ba ta yi ba, har cikin kunnena na ji zafi.

Azumi biyu muka ƙara yi a haka kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma har ya koma ba wanda ya gane. Haddar tawa ta dawo daga baya, amma ban sake rufe littafin a zaure ba. Har yau in na shiga kasuwar Kebbe akwai masu tambayata labarin ƙanƙarar da ta cinye izu sittin, in yi dariya in wuce. Yanzu da ba ya nan ne nake iya faɗin sauran.

Amma ranar farkon ce ba ta barina. Na ja ayar da muka tsaya a kanta, Malam ya ɗauka ya fassara, muryarsa garau, misalansa na gona da shanu suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, tsofaffi na gyaɗa kai. Da ya kai ƙarshe sai ya yi shiru, ya ɗan karkato kansa wajena. Shekara ashirin ina ganin wannan karkatowar, ina ɗaukarta ta mai jarrabawa ce, wai bari mu ji ko ya sani. A ranar ne na gane. Jira yake, bai san abin da ke gaba ba sai na faɗa masa. Na sa yatsa a ƙarƙashin layin, na duba sau biyu, na ja masa ta gaba.